Tsamiya da Sakaina

Shekarar da rijiyar Gidan Jibo ta koma ba ta ba da ruwa sai an yi mata dogon haƙuri, a shekarar ce gwamnatin soja ta gina wa garin ɗakin haihuwa. Mutane suna jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, suna ci, shanu suna faɗuwa a bakin hanyar Kona, amma ga ɗaki na bulo da kwano ya tashi a gabas da gari, har da karo, wato tayil, farare tas a shimfiɗe a ƙasa. Duk garin ba wanda ya taɓa taka irinsu sai Zuhura, wadda ta yi shekara huɗu a kolej a Tasawa.

Zuhura ɗiyar Ɗan Azumi magini ce, ita ce ta fari, kuma ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar uwarta. Ta ci jarrabawa ta dawo tana jiran a kira ta makarantar likita. Tafiya take kanta a sama, har mata suna cewa lakwal, wato makarantar boko, ta sa mata ƙashi a wuya. Ubanta ba ya faɗin sunanta, kamar yadda ba a faɗin sunan ɗan fari, sai ya laƙaba mata Madmazel, yadda ake kiran budurwa da Faransanci. Da tsokana ya fara, har sunan ya bi ta.

Ranar Litinin da hantsi ta kai masa ɗan kunu wurin aiki. Tun daga bakin ƙofa ta ji wani ƙara mai tayar da tsigar jiki, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Ta leƙa. Ubanta na durƙushe da wuƙa a hannu, zufa na ɗiga daga gemunsa. Karon da ta bari shekaranjiya suna ɗaukar ido, yanzu babu su. Daga bango zuwa bango ƙasan ɗakin ya rufe da wani abu fari-fari mai toka, busasshe, kamar gindin tabkin da ya ƙafe.

"Baba, mi ya faru nan?"

Bai ɗago ba. "Aje kunun can, Madmazel."

"Baba, aje wuƙar nan tukuna. Kana zane su."

Ya duba. Karo huɗu na bakin ƙofa sun fito, amma kowanne da tabon wuƙa baƙi-baƙi kamar tsagar fuska. Ya aje wuƙar a hankali, ya zauna a kan dugadugansa, sannan ya ba ta labari.

Maso Salifu, maginin siminti wanda aka turo daga Maraɗi ya shimfiɗa karon, ya tafi ranar Asabar da kamiyon kaya da ya zo ɗaukarsa, don ba a san ranar da wani zai sake biyowa ba. Aiki ɗaya ya rage, ya bar wa Ɗan Azumi: ya dama farin siminti ruwa-ruwa, ya cika tsagogin da ke tsakanin karo, kafin ya sha iska ya wanke saman da soso. Ya bar masa tano guda, wato babbar gangar ƙarfe, cike da ruwa don wankin kawai. Ɗan Azumi ya dama, ya shafe ɗakin da tafin hannu sumul, yadda ya saba yaɓe rumbu. Yana miƙewa zai ɗebo ruwan wanki sai ga wasu Buzaye sun tsaya a inuwar ginin, tsoho ɗaya da mata uku da 'ya'yansu da jakai biyu, daga arewa suke sun nufi kudu. Sun je rijiya sun tarar da layi har bayan masallaci. Ba su roƙe shi ba. Tanon kawai suke kallo.

"Leɓen tsohon nan ya tsage har jini ya bushe a kai," in ji Ɗan Azumi. "In tsaya ina wanke ƙasa da ruwa gabansa? Na ce su sha, su cika salkunansu, su ba jakai. Na ce a raina, shekara talatin ina yaɓe, laka in ta bushe bisa ƙofa ko tabarma kakkaɓe ta akan yi. In bari ya bushe, gobe in sa tsintsiya."

"Ka sa tsintsiyar?"

"Ga ta can. Ita ta ƙare, shi bai ji komai ba."

Zuhura ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta san abin da ke tafe. Mai gari ya riga ya sa an yi shela cewa ranar Alhamis wani Laftana na soja zai zo ya duba ginin ya ba da mabuɗi. Kowa kuma ya ji abin da aka yi wa wani mai tsaron rumbun taimako a wani gari da ke yamma da su, wanda aka ce ya yi sakaci da kayan gwamnati: a tsakiyar kasuwa aka cire masa hula, aka aske shi ƙwal, aka zaunar da shi a rana har la'asar, sannan aka jefa shi bayan mota. Wata uku bai dawo ba.

"In sun zo in ce ni ne," in ji ubanta, yana ƙoƙarin murmushi. "Aski ne dai. Gashi tsirowa shi kai."

"Kan da ya gina rabin garin ga ba za a aske shi cikin kasuwa ba ina da rai," in ji Zuhura. "Sha kununka."

Ta tsuguna ta karce abin da farce. Ya yi tauri, amma bai kai dutse ba, kwanansa biyu kacal. Tana nan tsugune sai ta tuna wata rana a kolej da mushe, wato malaminsu, ya matsa lemun tsami a kan alli, allin ya yi ta kumfa yana narkewa, ya ce haka tsami yake yi wa duk abin da ke da farar ƙasa a ciki. Lemun tsami kam, rabon garin da shi tun kafin fari. Amma akwai wani tsamin, kuma ta san ɗakin da yake.

Iya Lami ce ungozomar garin. Ita ta yanke wa Zuhura cibi, ita ta yanke na uwarta. Zuhura ta same ta a tsakar gida tana tsame anza daga tukunya.

"A'a, yau Nasara a gidanmu? Bari in nemo kujera, 'yan lakwal ba su zama ƙasa."

"Iya, tsamiya nika so."

"Tsamiya? Ciki gare ki?"

"Iya!"

"To mi za ki yi da tsamiya cikin wannan shekara? Wadda ke gare ni ta azumi ce. Saura wata guda, da mi kike so in buɗe baki, da takardarki?"

Zuhura ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Tsohuwar ta saki ludayi ta riƙe haɓa.

"Ɗan Azumi ya shafe ɗakin ya bari ya bushe? Shi ya ɗauka lalle ne ya ƙunsa wa amarya?" Ta yi dariya har ta yi tari. Da dariyar ta lafa sai ta dubi tukunyar. "Amma ya ba su ruwan."

"Ya ba su."

"Haka uwarsa take, Allah shi jiƙan ta. Sai ta ba da tuwonta ta kwana tana zagin kanta." Ta shiga ɗaki ta fito da curin tsamiya guda. "Gwada da wannan. In bai ci ba ki maido min da abina, ko ya jiƙe."

Ruwa ne ya rage. Zuhura ta dubi tukunyar anzar. Anza sai ta kwana da kwanaki a jiƙe ana sauya mata ruwa kafin ɗacinta ya fita, ruwan kuma ko akuya ba ta shansa, zubarwa ake yi a bayan danga. Kowane gida a garin yana zubar da irinsa kullum.

"Iya, wannan ruwan kar ki zubar."

A cikinsa ta jiƙa tsamiyar ta dama ta yi kauri. Ta koma ɗakin ta zuba a kan karo guda, ta kwanta rub da ciki ta kara kunne. Can sai ta ji shi, wani ɗan sauti siriri kamar tururuwa na tafiya a kan busasshen ganye. Ta rufe wurin da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya shanye ruwan, ta jira har inuwa ta matsa taki guda. Da ta ɗaga, saman ya yi laushi. Ta nemi abin kankarewa wanda ba ƙarfe ba, idonta ya faɗa kan wata fasasshiyar ƙwarya da maso ya yar. Ta ɓalli sakaina ta tura. Simintin ya taso ɓaro-ɓaro, farin karo ya leƙo daga ƙasa, babu tabo ko ɗaya.

"Baba, zo ka gani!"

Ya zo ya shafa da yatsa, ya sake shafawa. Sai ya ɗaga kai ya ƙirga layukan ɗakin da ido. Karo ɗaya ya ci musu kusan awa, ga su kuwa sun haura ɗari uku.

Iya Lami ce ta warware wannan. Da yamma ta bi gida-gida da sandarta tana cewa gobe akwai daɓe a ɗakin haihuwa. Daɓe aikin mata ne, in aka kira shi ba mai cewa ba ta da hali. Sai dai ta ce kar kowa ta zo da madaɓi: ta zo da ruwan anzarta, da tsummanta, da fasasshiyar ƙwarya, da tsamiyar da ta ɓoye wa azumi.

"Kar wadda ta ce min ba ta da ita," in ji ta. "Na shiga ɗakin kowacce a cikinku, na san inda kuke rataye kaya. Kuma ɗakin nan ba na soja ba ne, ku za ku durƙusa cikinsa."

Talata da safe mata goma sha tara suka zo. Zuhura ta raba musu layi-layi, ta nuna musu yadda za su jiƙa su rufe su jira, su kuma kiyaye kada tsamin ya zauna cikin tsagogin, don can ake son simintin ya tsaya. Furera matar mahauci ta ce tun da take ba ta taɓa ganin daɓen da ake cirewa maimakon a zuba ba. Ɗan Azumi ba shi da wurin zama cikin mata, sai ya zauna a waje gindin bango. Sakaina ba ta daɗewa bakinta ke dakushewa, ana jefo masa ta taga, yana gyara bakin da wuƙarsa yana mayarwa. Ba a jima ba mata suka sa masa waƙa, suna tura sakaina a kan amonta:

"Magini ya ƙunsa wa ɗaki lalle,
Ya koma inuwa ya bar mu da ango."

Yana ji. Ya sunkuyar da kai yana fiƙe sakaina, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Aikin ba na wasa ba ne. Kwanon rufin yana ɗaukar rana ya juye musu ita a ka. Cikin kowa ba komai sai anza da ɗan kunun jar dawar taimako. Kafin azahar mata biyu sun ga jiri an fitar da su inuwa. Tsami da siminti suka haɗu suka ci fatar yatsu, wurin ya yi fari ya tattare, sannan ya tsage. Laraba mata goma sha ɗaya suka dawo, sauran sun tafi layin rijiya, ba kuma wanda ya ga laifinsu. Zuhura ita ke fara shiga ita ke fita a ƙarshe. Gwiwoyinta suka sale, ta naɗe su da tsohon ɗankwali ta ci gaba. Mazan da ke zaune gindin itacen bedi suna cewa 'yar lakwal ta sa matan gari suna wanke ƙasa da abin kunu. Da za ta wuce ta gabansu da tulun ruwan anza a ka, ta gaishe su da ladabi, sannan ta ce sakaina na nan da yawa in akwai mai jin hannunsa na ƙaiƙayi.

Ran Laraba da la'asar ubanta ya tare ta a bakin ƙofa, ya ga jini a tsumman hannunta.

"Madmazel, ya isa hakanan. Bari su zo su tafi da ni. Hannun ga na alƙalami ne."

"Alƙalami ba shi da nauyi, Baba. Ba ni sakaina."

Layin ƙarshe ya fita ranar Alhamis da hantsi. Suka bi ɗakin da soso, sannan da busasshen tsumma, har karon ya riƙa nuna inuwar mutum. Saura huɗun nan na bakin ƙofa masu tabon wuƙa, su kam ba tsamin da zai gyara su. Mai gari ya zo ya duba, ya aika aka kawo sabuwar tabarma, ya shimfiɗa a kansu da hannunsa, ya ce kowa ya kama bakinsa.

Motar Laftana ta iso kafin azahar. Laftana dogo ne, siriri, bai kai shekara talatin ba, fuskarsa ba wasa. Sojoji biyu na biye da shi da bindigogi. Ya gaisa da mai gari a tsaye ya nufi ƙofa, sai ya tarar da Iya Lami ta gitta sandarta.

"Ɗana, cire takalman nan."

Mai gari ya fara "Ranka shi daɗe, tsohuwa ce..." Iya ba ta ko dube shi ba.

"Kwana uku muna bisa gwiwa a ɗakin ga. Ɗakin uwarka kana shiga da su?"

Laftana ya dube ta, ya dubi matan da ke jere a bayanta da hannuwa naɗe da tsumma. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalmansa, ɗaya bayan ɗaya, ya aje su a gefe. Zai taka tabarmar ke nan sai Ɗan Azumi ya fito daga cikin mutane ya ce a gafarce shi, ya sunkuya ya naɗe ta ya jingine a bango.

Zuhura ta bi shi da ido. Kwana uku, da tsamiyar azumin gari guda, ga shi ya yaye da hannunsa. Amma da ta dubi fuskarsa ta san ba yadda za a yi ya bar tabarmar. Bai taɓa rufe tsagar bango da yaɓe ya ce ya gama ba.

"Wa ya yi wannan?" in ji Laftana.

"Ni ne, ranka shi daɗe." Ya faɗi komai, tun daga tafiyar maso har wuƙar, bai sa sunan kowa ba sai nasa.

"Wato ruwan gwamnati ka bayar."

"Shi na bayar."

Ɗaya daga cikin sojojin ya gyara tsayuwa. Zuhura ba ta san lokacin da ta tsinci kanta tsakanin ubanta da Laftana ba.

"Mon lieutenant," ta ce, da Faransancin da ya sa ya juyo da sauri, sannan ta koma Hausa don kowa ya ji. "Ruwan na gwamnati ne, gaskiya. Waɗanda sunka sha fa, na wa ne? Kuskuren da ya yi ga shi, karo huɗu. Sauran ɗari uku shiga ka duba. In ka samu siminti ko kamar ƙwayar gero bisa ɗaya, ni za ka sa a mota, ni na ce a yi."

"Ke wace ce?"

"Ɗiyarsa."

Ya daɗe yana kallonta, ita ma ba ta sauke ido ba. Ya shiga ɗakin da safa, ya bi bango har ƙurya, ya tsuguna ya ja babban yatsa a kan karo, ya bi tsaga guda da farce. Ya shinshina yatsan.

"Da mi kuka cire shi?"

"Tsamiya da sakaina."

"Shi ya sa ɗakin ke ƙamshin kunu." Bai yi murmushi ba. Ya dawo bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa karon huɗu da bayan yatsa, ɗaya bayan ɗaya. "Sun fashe?"

"Ba su fashe ba," in ji Ɗan Azumi.

"Takardata fasasshe take tambaya." Ya zaro ta daga aljihu, ya dafa a bango ya sa hannu. Ya karɓi mabuɗi daga mai gari, ya miƙa wa Iya Lami. Yana ɗaura takalmansa ya ce wa Ɗan Azumi, ba tare da ya ɗago ba, "Tsoho, gaba in an ba ka aikin da ba ka sani ba, ka tambayi ɗiyarka tun kafin ya bushe."

Motar ta tashi da mutum ukun da ta zo da su. Sai da ƙararta ta ɓace Furera ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama.

Zuhura ba ta yi guɗa ba. Ta bi bayan ubanta zuwa gida. Sai da suka shiga zaure ta ce, "Baba, da ka bar tabarmar nan."

"Da na bari, da kullum na wuce ta gaban ɗakin sai na sauya hanya."

"Ka kusa kashe ni."

"Ke kika kusa kashe ni. Soja ake yi wa magana hakanan?" Ya kamo hannunta ya kwance tsumman a hankali. Ya dubi yatsun ya daɗe, ya shiga ɗakinsa ya fito da 'yar kwalbar man gyaɗa da ya rage, ya shafa mata da kansa, yatsa bayan yatsa, kamar mai gyaran bakin tukunya.

Da la'asar layinsu ya zo a rijiya. Zuhura ta miƙe za ta ɗauki tulu, ta tarar ya riga ta. Ya saɓa guga a kafaɗa, ya ɗora gammo a kan hularsa, yana ta kokawa da tulun ya ƙi zama.

"Baba, cikin mata za ka tsaya? Dariya za a yi maka."

"Sun riga sun fara," in ji shi. "Bari in je su ƙarasa. Ke dai zauna, kar ki taɓa komai."

Ta zauna a bakin zaure, hannuwanta a buɗe bisa gwiwa suna sheƙin mai, tana kallonsa yana tafiya, hannu ɗaya riƙe da tulu, tulun na karkata hagu yana mayar da shi dama.